Wayar Gidan Alhaji Garba Mai Kifi

Duk wanda aka kawo min koyon aiki a shagon nan, mako guda ya ishe shi ya ce ya iya. Ya ga yadda ake kwance kwamfuta, ya ga yadda ake yi mata fomatin, shi ke nan a wurinsa sana'a ta ƙare. Kwanan baya ɗayanku ya ce min, "Oga, ai abin ba wuya, in ta ƙi sai a goge komai a sake zubawa." Ban yi masa faɗa ba. Na dai ce wata rana za mu zauna in faɗa muku yadda na shigo aikin nan, da wani aiki guda da na yi a garin nan na Gashuwa wanda gogewa ba ta yi masa komai ba.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A farkon shekarun casa'in ban taɓa ganinta a Nguru ba, ofisoshi duk tafireta ake bugawa. Gyaran rediyo na koya a wurin wani dattijo Babarbare, Baba Modu, a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Kayan aikinsa kaf a cikin babban gwangwanin madara suke: sukudireba, filaya, dalma, tsohon buroshin haƙori, da wata mita mai allura da yake naɗewa a tsumma, ba ya bari kowa ya taɓa. Ƙarfen narka dalma kuwa a garwashi muke ɗora shi, don wutar lantarki ba ta zama. Na daɗe aikina fifita garwashi ne kawai da kwance noti.

Wata rana wani masunci ya kawo rediyo daga ƙauyukan fadama. Ya ce tana cikin magana sai ta ɗauke, can kuma sai ta dawo don kanta. Muka kunna ta, ta yi ta zuba har la'asar ko tari ba ta yi ba. Na ce wa Baba Modu ƙalau take. Ya dube ni ya ce, "Mutum ya bar komarsa a bakin ruwa, ya shiga kwalekwale, ya hau mota, don ya kawo maka abin da yake ƙalau?" Sai ya juya wurin masuncin ya shiga tambaya. Ina kake ajiye ta? Da wane lokaci kake saurare? Ashe a jikin wata bishiya yake rataye ta a bakin ruwa, da sassafe, lokacin da raɓa ba ta ɗauke ba. Baba Modu ya jiƙa tsumma ya lulluɓe ta, muka zauna. Ba a jima ba ta yi shiru a gabanmu. Wata tsatsa ce kore-kore ta ci wani lungu a ciki, in ta sha laima sai ta haɗe hanya. A ranar na gane cewa abin da ya mutu murus ba shi ne wahala ba a aikinmu. Mai mutuwa yana farfaɗowa, shi ne yake cin rai.

Kwamfuta ta farko da na sa wa hannu ta wani mai shagon buga takardu ce a Nguru, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Ta ƙi tashi, babu wanda ya san kanta, aka ce a kira masu rediyo. Baba Modu ya leƙa cikinta ya ce idonsa ya tsufa da wannan, ni in gwada. Fankar ciki ce ta tsaya, na goge na ɗiga mata mai, ta tashi. Daga nan zuciyata ta koma can. Da izinin Baba Modu na tafi Kano na yi 'yan watanni a wani shago, na koyi haɗa kwamfuta da jan waya tsakaninsu. Na dawo da filayar matse kan waya da wani ɗan akwati na gwada layi mai fitilu a jere. Har yau suna nan a cikin durowar can, kuna ganinsu kuna ɗauka tarkace ne.

Abin da ya kawo ni Gashuwa kafe ne. Wani abokina, Bukar, ya kafa dish babba a bayan shagonsa kusa da kasuwa, yana kamo intanet daga sama, mutane suna zuwa suna biya suna zama. Ni na ja masa wayoyin ciki. Da abin ya karɓu sai maƙwabta suka fara neman a kai musu gida: mai kemis, wani lauya, wani shugaban makaranta. Sai in jawo waya daga akwatin raba layi na kafe, in bi ta kan katanga da rufin kwano har ɗakin mutum. Kowace kwamfuta da ke kan layin Bukar tana da lambarta, da hannu muke rubuta mata a ciki, kamar dai lambar rumfa a kasuwa, don saƙo ya san inda zai sauka.

Sai shekarar tsawa ta zo. Cikin damina, da yammacin wata Juma'a, aradu ta faɗa kan ƙarfen dish ɗin. Ta bi wayoyin da na ja, gida gida. Kafe ya ƙone, kwamfutar mai kemis ta ƙone, ta lauya har hayaƙi ta yi. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Amma magana ta bazu cewa wayar Isa tana jawo aradu cikin gida. Wanda ma ban taɓa yi wa aiki ba, in na wuce sai ya nuna ni. Na koma gyaran rediyo da wayar hannu a bakin tasha. Bukar ya yi kusan shekara kafin ya sake tayar da kafe, wannan karon muka binne ƙarfe mai zurfi a ƙasa don tsawa ta samu hanyar wucewa. Kafe ya dawo, amma babu mai son a kai masa waya gida.

Wanda ya fara yarda shi ne Alhaji Garba mai kifi. Kakanninsa daga Haɗeja suka zo, shi kuwa bandar kifi yake saye a hannun masunta yana lodawa zuwa kudu. Gidansa rufi uku ne tsakaninsa da kafe. Bai yi boko ba, kuma ba sha'awar kwamfuta ce ta kama shi ba. Matarsa, Hajiya Zainabu, ciwon ƙoda ya kama ta, ciwon nan da kuka san yadda ya addabi garin nan. An yi Kano, an yi Maiduguri, daga ƙarshe aka ce sai Misra. Ɗansu Nasiru, wanda ya gama jami'a, shi zai raka ta. Alhaji ba zai iya tafiya ba, don jinyar daga kasuwa take ci, kasuwar kuwa sai yana tsaye a kanta. Wayar hannu ta shigo a lokacin, amma kiran ƙasar waje a gaggauce ake yinsa, rabin maganar ma ba a ji. Shi ne Nasiru ya sayo kwamfuta ya ce a ja waya, su riƙa magana ta intanet kowace safiya kafin su fita asibiti.

Ranar da na je aunawa Alhaji ya ce min, "Isa, na ji abin da ake faɗa a kanka. Aradu ta Allah ce. Ka ja wayarka."

Na ja ta da kulawar da ban taɓa yi wa wani aiki ba. Na zura ta cikin bututun roba, na ɗaure ta nesa da bakin kwano don kada ya yanke ta. Nasiru ya zaunar da mahaifinsa ya koya masa: ka danna nan, ka jira, ka danna wannan hoton sau biyu, ka sa abin ji a kunne. Bukar ya yi alkawarin tayar da janareta tun da sassafe saboda Alhaji. Nasiru da Hajiya suka tafi. Makonnin farko komai lafiya. Alhaji ya dawo daga masallaci, ya karya, ya kunna kwamfutar, su yi magana, ya kashe, ya lulluɓe ta da wani zane, ya tafi kasuwa.

Sai wata rana ya aiko daga kasuwa cewa yau ta ƙi. Na je da azahar, na kunna, ta kama nan take. Ɗan koren hasken da ke bayanta, inda waya ke shiga, yana ta ƙyaftawa yadda ya kamata. Na ce ko janareta ne ya makara. Bukar ya rantse ya tayar a kan lokaci. Washegari ta yi. Bayan kwana biyu ta sake ƙi. Haka abin ya zama: yau ta kama, gobe ta kama, jibi ta ƙi, babu tsari. Kuma in ta ƙi, ko ya kashe ya sake kunnawa ba ta kamawa, har lokacin fitar su Nasiru asibiti ya wuce.

Na bi abin daki-daki yadda aka koya min. Na yanke kawunan wayar na matse sababbi. Na sa akwatin gwaji, fitilu suka kama a jere, babu wadda ta yi tsalle. Na hau rufin nan uku da rana tsaka, kwano yana ƙona min tafin hannu, na shafa wayar taƙi taƙi ko ɓera ya ci ko rana ta fasa. Babu. Na canza ramin da take shiga a akwatin kafe. Na cire katin da ke karɓar waya a cikin kwamfutar na sa wani sabo. Na ɗauko ta zuwa shago na yi ta kashewa da kunnawa yini guda, ko sau ɗaya ba ta ƙi ba. Daga ƙarshe na yi mata fomatin ɗin nan da kuke ji da shi, na sake zuba komai, na mayar mata da lambarta. Ta yi 'yan kwanaki lafiya, har na fara cewa an gama. Sai ta ƙi a safiyar da likitoci za su faɗi sakamakon wani gwaji da aka yi wa Hajiya.

Ran nan Alhaji bai aiko ba, da kansa ya zo shago. Ya zauna a kan benci. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba faɗa na zo yi ba, Isa. So nake ka gane abu ɗaya. Kai in ta ƙi, waya kake tunani. Ni in na danna na ji shiru, ba waya nake tunani ba. Cewa nake ko wani abu ya faru a can, yaron ya rasa yadda zai gaya min. Haka nake yini a kasuwa, ana min magana ba na ji."

Na ce, "Alhaji, in ka yarda, daga gobe ni zan riƙa zuwa da safe in tsaya a bayanka kana kunnawa. Ba zan taɓa komai ba. Kallo kawai zan yi."

Ya ce, "Ƙofa a buɗe take."

Na fara sammako. In yi sallama a zaure, a shigar da ni ɗakinsa, a kawo koko da ƙosai. Ya yaye zanen, ya ce bismillah, ya danna. Ta kama. Da na ji muryar Nasiru ta fito sai in fice zaure in ba su wuri. Gobe ma haka, jibi ma haka. Har Alhaji ya fara zolayata, wai injin ya san maigidansa, in ya gan ni sai ya shiga taitayinsa. Ni kuwa raina ba daɗi, don aikin shago yana jirana, kuma na san ciwon yana nan, ɓuya kawai ya yi. Abin da ya fi wuya a sana'ar nan ke nan, kuma ba a koyar da shi a kan tebur: ka zauna hannunka a cinya, kana da kayan aiki a jaka, ka hana kanka taɓawa.

Wata safiyar Talata ta ƙi a gabana. Tana gama tashi sai wani ɗan rubutu ya ɓullo a lungun ƙasa, cikin ɗan akwati rawaya. Alhaji ya kai hannu zai ci gaba da danne-dannensa, na riƙe masa hannu.

"Tsaya, Alhaji! Wannan fa?"

"Wannan ɗan rawayan? Ai yakan fito wani lokaci. Na ɗauka gaisuwa ce irin tasu. Ni da ajami na sani."

Kafin ya rufe baki rubutun ya ɓace. Amma na karanta. Cewa yake akwai wata kwamfuta a kan layin nan mai lamba iri ɗaya da wannan.

Na zura takalmi na yi kafe da gudu. A wannan lokacin ban taɓa zaton akwai kowa a ciki ba. Na tarar da Bukar yana shara, kwamfutocinsa duk a kashe. Sai can a lungu na ga wani mutum siriri da hular kaki, ya jona wata ƙaramar kwamfuta ta jaka da wayar da ke ajiye don baƙi. A gefensa ga tabarau na hangen nesa a kan tebur. Na gaishe shi, na tambayi Bukar ko wane ne.

"Malam Sale ke nan. Ɗan Bade ne, a fadamar Dagona yake aiki. Tsuntsayen nan da ke zuwa daga ƙasashen Turawa yake ƙirgawa, yana aika musu da hotuna. In ya shigo gari ya kwana, nan yake sammako, tunda ya ji muna tayar da inji da wuri."

Na roƙi Malam Sale ya bar ni in duba kwamfutarsa. Ya matsa ba musu. Na buɗe wurin lamba. Lambar Alhaji ce, ba bambanci ko ɗigo.

Bukar ya jingine tsintsiya ya dafe kai. "Wallahi ni na ba shi. Da rana ya fara zuwa, na duba na ga babu kowa a kan lambar."

Ai dole ya ga babu kowa. Da rana kwamfutar Alhaji tana kashe a ƙarƙashin zane. Daga ranar, duk safiyar da Malam Sale ya shigo gari, wanda ya riga kunnawa shi ke kama lambar, na biyu ya tsaya a waje. In Malam Sale yana fadama, Alhaji ya sha hirarsa. Ni kuma duk zuwana da azahar ne, mutumin ya daɗe da naɗe kayansa ya hau mota.

Malam Sale ya ce, "Ikon Allah! Ni ma tawa haka take min a nan. Wata rana ta kama, wata rana ta ƙi. Har Kano na kai ta aka ce lafiyarta ƙalau." Sai ya tambaya wane ne ɗayan. Na faɗa masa a taƙaice: dattijo ne, matarsa tana jinya a Misra, yanzu haka yana zaune yana jira. Ban gama ba ya kai hannu ya zare wayar daga kwamfutarsa, hotunansa suna tsakiyar tafiya.

"Je ka kunna masa tukuna," in ji shi. "Tsuntsaye ba inda za su."

Na ce ba sai an kai ga haka ba. Na canza masa lamba a tsaye, aikin da bai kai shan kofin shayi ba, na mayar masa da wayarsa. Na koma gidan Alhaji na ce ya kashe ya sake kunnawa. Ya danna hoton sau biyu, ya sa abin ji a kunne. Ya ce, "Nasiru? Kun tashi lafiya? Ba ni ita." Na ɗauki jakata na fita.

Daga baya ni da Bukar muka saita akwatin kafe ya riƙa raba lambobin da kansa, hannun mutum ya fita daga ciki. Kwamfutar Alhaji ba ta sake ƙi ba. Labari ya zaga kasuwa, aka manta da zancen aradu, gidaje suka fara kirana. Har Jakusko da Jajimaji an ɗauke ni aiki a bayan a-kori-kura saboda wannan gyaran da a ƙarshe bai buƙaci kwance ko noti ɗaya ba.

Hajiya Zainabu ba ta dawo ba. Jikin ya yi kamar zai yi sauƙi, sai kuma ya juya. A can ta rasu, a can aka binne ta. Na je gaisuwa tare da jama'a, na zauna a tabarma, na yi addu'a, na tashi. Bayan an share makoki da ɗan lokaci Alhaji ya aiko in zo in kwance wayar. Ya ce Nasiru zai tafi da kwamfutar Kano inda ya samu aiki, shi kuwa ba shi da wanda zai kira.

Na hau rufi na kwance ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, na sauko ina naɗe wayar a hannu a tsakar gida. Alhaji yana zaune a kan kujera a inuwa yana kallona. Na ce Allah ya ba shi ladan jinya, na kuma ba shi haƙuri a kan safiyoyin da suka salwanta kafin in gano matsalar.

Ya girgiza kai. "Bar wannan. Ka san wani abu, Isa? Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya, ni kullum ina kasuwa. In fita ba ta gama abin kari ba, in dawo na gaji. Maganarmu ba ta wuce cefane da yara. Sai da ta yi nisan da ba zan iya zuwa ba, sannan na zauna na saurare ta. Ashe tana da labari. Ashe tana da ban dariya." Ya gyara hularsa. "A 'yan watannin nan na san matata."

Na tsaya da wayar a hannu. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce in na gama in ja masa ƙofar zaure, shi zai wuce kasuwa, motar kifi ta iso.